Karatun Rubutun Ƙasa: Yadda A Ke Fara Binciken Girgizar Ƙasa da Kwamfuta a Birnin Guangzhou

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan girgizar ƙasa ya ke, da kuma hanyar da ɗalibi ya ke bi ya fara karanta labarinta da kwamfuta. Wurin da za a ɗauki misali shi ne birnin Guangzhou, can a kudancin ƙasar Sin, wanda Turawan da suka riƙa kira Kanton. Fataken Kano da na Maraɗi ba baƙi ba ne a wannan birni, gama can da yawansu su ke zuwa sarin yadi da takalma da wayoyin hannu. Birni ne babba a bakin Kogin Lu'ulu'u, ƙidayar 2020 ta sami mutum fiye da miliyan 18 a cikinsa.

Amma akwai wani aiki da a ke yi a birnin wanda falke ba ya gani. A nan ne Hukumar Girgizar Ƙasa ta lardin Guangdong ta ke da babban ofishinta, inda ma'aikata su ke zaune dare da rana suna duban saƙon da ke shigowa daga tashoshin da aka kakkafa cikin lardin. A nan kuma akwai Cibiyar Binciken Tekun Kudancin Sin, wadda aka kafa a 1959, masananta su kan saukar da na'urori har ƙarƙashin teku su saurari motsin ƙasa. Duk ɗalibin da ya ke so ya shiga irin wannan aiki, akwai ƙofa guda da tilas ya bi, ita ce koyon ba kwamfuta umarni a rubuce.

Madatsar da ta tsage

Lardin Guangdong ba ya cikin wuraren da girgiza ta fi yi wa ɓarna a ƙasar Sin, amma ya ɗanɗana rabonsa. A watan Fabrairu na 1918 wata babba, wadda ta haura maki 7, ta auka wa tsibirin Nan'ao da garin Shantou a gabashin lardin. A watan Yuli na 1969 wata mai maki 6.4 ta sami Yangjiang a yamma. Wadda ta fi koya wa masana darasi kuwa ita ce ta Xinfengjiang.

A 1958 aka fara ginin wata madatsar ruwa ta kankare a kan kogin Xinfengjiang, kusa da garin Heyuan, misalin kilomita 160 arewa maso gabas da Guangzhou. Tsayinta mita 105. Aka fara tara ruwa a bayanta a watan Oktoba na 1959. Ba a daɗe ba sai mutanen wurin suka fara jin ƙasa tana motsi, yau kaɗan gobe kaɗan, a wurin da a da ba a san shi da yawan girgiza ba. Da ruwa ya yi ta hawa, motsin ya yi ta ƙaruwa. Hukuma ta sa aka kafa na'urorin awo kewaye da tafkin, suka rubuta ƙananan girgiza dubbai bisa dubbai, injiniyoyi kuma suka ƙara wa madatsar ƙarfi. Ran 19 ga Maris 1962, da asuba, sai babbar ta zo, mai maki 6.1. Gidaje suka rurrushe a Heyuan, madatsar ta yi tsaga a kwance can wajen samanta, tsawon mita 82, amma ba ta faɗi ba. Bayan haka aka sāke ƙarfafa ta.

Bayanin da masana suka yi shi ne, tun asali akwai tsagogi cikin dutsen da ke ƙarƙashin wurin, gefe da gefe sun cije juna. Nauyin ruwan ya danna su, ruwan kuma ya tsiyaya cikinsu ya rage musu cizo, kamar ƙyauren da ya cije aka ɗiga masa mai. Irin wannan ya sāke aukuwa a Kariba cikin Afirka a 1963, da Kremasta ta ƙasar Girka a 1966, da Koyna ta Indiya a 1967. Tafkin Xinfengjiang shi ne mafi girma a lardin Guangdong, ruwansa yana gangarawa cikin kogin Dongjiang, wanda tun 1965 a ke jan ruwan sha daga cikinsa har zuwa Hong Kong. Don haka sanin inda kowace ƙaramar girgiza ta tashi, da zurfinta, da ƙarfinta, magana ce ta rai da dukiyar miliyoyin mutane.

Abin da na'ura ta ke rubutawa

Mutanen Sin sun daɗe a wannan fage. A shekara ta 132 wani masani, Zhang Heng, ya ƙera wata tukunyar tagulla mai kawunan dodanni takwas, kowane da ƙwallo a baki. In ƙasa ta motsa sai ƙwallo ya faɗo cikin bakin kwaɗon tagulla da ke ƙasa, a gane ta wajen da girgizar ta fito. Tukunyar tana nuna an yi girgiza, amma ba ta rubuta kome. Na'urorin da suka zo tun daga ƙarshen ƙarni na 19 su ne suka fara rubutu: wani nauyi ne a rataye, in ƙasa ta motsa shi ya kan so ya tsaya inda ya ke, sai alƙalami ya zana bambancin a kan takardar da aka naɗa jikin ganga mai juyawa. Da irin waɗannan takardu ma'aikatan Xinfengjiang suka yi aiki a 1962, da ido da rula da fensir.

Na'urar zamani ba ta da takarda. Lambobi ta ke aikowa, sau da yawa guda 100 cikin kowane sakan, kuma ta fuska uku: motsin sama da ƙasa, na kudu da arewa, da na gabas da yamma. In aka yi lissafi, tasha guda ta kan tara lambobi kusan miliyan 26 a yini da kwana. To, ina mutumin da zai karanta wannan da ido? Tilas sai da manhaja, watau tsarin umarnin da a ke ɗora wa kwamfuta don ta iya wani aiki.

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda a ke nuna hoto a taɓa, irin ta wayar hannu. Akwai kuma wadda ba ta da hoto sai fili baƙi da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, yana jiran a buga masa kalma kamar da tafireta. Wannan ta biyun ita a ke kira layin umarni, ita ce kuwa masana girgizar ƙasa suka fi riƙo. Mai sauraro zai ce, don me za a bar mai sauƙi a ɗauki mai wuya? Dalili shi ne, abin da aka taɓa da yatsa ya wuce ba shaida, amma abin da aka rubuta yana nan. Ana iya ajiye shi, a maimaita shi gobe a kan fayil dubu, a aika wa wani masani a wata ƙasa ya bi sawu ya ga ko an yi daidai. Har ma babbar kwamfutar nan Tianhe-2, da ke Jami'ar Sun Yat-sen a Guangzhou, wadda ta riƙe matsayin mafi sauri a duniya daga 2013 zuwa 2015, da rubutaccen umarni masu bincike su ke ba ta aiki.

Manhajar SAC

Manhajar da ɗalibai da yawa su ke farawa da ita sunanta SAC. An tsara ta ne a farkon shekarun 1980 a ɗakin binciken Lawrence Livermore, a jihar Kalifoniya ta Amurka, a hannun William Tapley da Joe Tull da abokan aikinsu. Abin da ya sa aka yi ta shi ne neman hanyar rarrabe girgizar ƙasa ta ainihi da gwajin bam na nukiliya da a ke yi a ƙarƙashin ƙasa, gama dukansu biyu na'ura ɗaya ce ke jin su. Daga baya wata ƙungiyar jami'o'in Amurka, IRIS, ta ɗauki nauyin rarraba ta ga masu bincike ba da kuɗi ba. A 2023 ƙungiyar ta haɗu da wata suka zama EarthScope. Masanan ƙasar Sin kuma sun rubuta littafin koyon SAC da harshensu, shi ya sa ɗalibin Guangzhou ba ya rasa jagora.

Kafin a taɓa SAC sai an san gidan da ta ke zaune, watau tsarin Linux, wanda yawancin kwamfutocin bincike su ke aiki da shi. Kalmomi huɗu sun isa ranar fari. Akwai pwd, wadda ke gaya wa mutum a wane ɗaki na ma'ajiyar kwamfuta ya ke tsaye. Akwai ls, mai jera sunayen abin da ke ɗakin. Akwai cd, ta shiga wani ɗaki, da cp, ta yin kwafe. Wanda ya riƙe waɗannan ba zai ɓata ba.

Sa'an nan ɗalibi ya buga haruffa uku, sac, ya danna maɓallin shigarwa. Manhajar ta buɗe, ta rubuta sunanta a gefen hagu, ta tsaya jira. Ba lalle ne ya zo da nasa fayil ba, domin akwai misali guda da aka ajiye a cikinta. In ya rubuta funcgen seismogram, sai ta ɗauko rubutun wata ƙaramar girgiza da ta auku a kwarin Livermore ran 29 ga Maris 1981, lambobi 1,000 da aka ɗauka cikin sakan goma. In ya rubuta plot, sai taga ta buɗe ya ga zanen: layi yana tafiya a kwance shiru, can sai ya yi tsalle ya kama rawa, sa'an nan rawar ta yi ta raguwa. Masana da yawa a duniya wannan zane ne farkon abin da suka gani. Ranar da ya sami fayil na tashar gaske kuwa, da kalmar read zai ɗauko shi, da quit kuma zai fita.

Abu na farko da mai koyo ya kan gane shi ne kwamfuta ba ta da kara. In ya bar harafi guda, ba za ta yi masa uzuri ba. In kuwa ya rubuta umarnin da ba shi ya ke nufi ba, za ta aikata shi sarai, ba tambaya.

Goshin fayil

Kowane fayil na SAC kashi biyu ne, goshi da ciki. Cikin shi ne jerin lambobin motsin ƙasa. Goshin kuwa kamar rubutun bayan ambulan ya ke, shi ke faɗin daga ina saƙon ya fito, yaushe, ta hannun wa. Da umarnin listhdr a ke karanta shi. Gurbin da a ke kira npts yana nuna yawan lambobin, delta yana nuna ratar lokaci tsakanin lamba da lamba, kstnm sunan tasha, stla da stlo mazauninta a taswira, evla da evlo inda girgizar ta auku, evdp zurfinta. In an cika mazaunin tasha da na girgiza, manhajar da kanta ta kan lissafa nisan da ke tsakaninsu. Gurbin da ba a cika ba kuwa, lamba guda a ke ajiyewa a cikinsa, 12345 da alamar ɗebewa a gabanta, ma'anarta babu kome a nan. Ɗalibin da ya rubuta nasa lissafin bai san wannan ba, ya kan ɗauke ta a matsayin awo na gaske, ya fito da amsar da ba ta da kai.

Wajen lokaci ma akwai tarko biyu. Na ɗaya, tashoshin duniya da agogon Girinwic su ke aiki, agogon ƙasar Sin kuwa yana gaba da shi da awa takwas, na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Shi ya sa girgizar Xinfengjiang, wadda mutanen Heyuan suka ji da asubar 19 ga Maris, a littattafan duniya an rubuta ta ran 18 ga wata da dare. Na biyu, goshin fayil yana ƙidaya kwanaki ne daga farkon shekara, ba da wata ba. Ran 29 ga Maris 1981 a wurinsa ita ce rana ta 88. Malamai su kan hori ɗalibi kada ya zana kome sai ya karanta goshi tukuna.

Shiƙa da tankaɗe

Rubutun da ya fito daga tasha kamar hatsi ne daga masussuka, da ƙaiƙayi da tsakuwa. Kafin a yi awo sai an gyara shi, kuma gyaran yana da jeri.

Na farko rmean. Na'ura ba kullum ta ke hutawa daidai a kan sifiri ba, sai a lissafa matsakaicin lambobin a ɗebe shi daga kowace, kamar yadda mai awon gyaɗa ya kan cire nauyin buhu kafin ya faɗi nauyin kaya. Na biyu rtrend, mai miƙe layin in ya karkata sama ko ƙasa a hankali, abin da sauyin zafi da sanyi ya kan jawo. Na uku taper, mai lallaɓa farkon rubutun da ƙarshensa su sauka sifiri sannu a hankali, domin in aka bar su a yanke ƙit, lissafin da ke biye zai ɗauki yankan kamar girgiza ce.

Sa'an nan a zo kan rariya. Ƙasa ba ta taɓa yin shiru. A babban birni kamar Guangzhou motoci da jiragen ƙarƙashin ƙasa da injunan gini suna kaɗa ta da sauri sauri. Tekun Kudancin Sin kuma yana dukan gaɓa, yana haddasa wani lilo mai nauyi wanda ya kan ɗauki sakan biyar ko shida kafin ya je ya komo. Ƙaramar girgiza ta kusa tana ɓoye a tsakanin waɗannan. In ɗalibi ya rubuta bandpass corner 1 10, ya ce ke nan a bar abin da ke kaɗawa daga sau ɗaya zuwa sau goma cikin sakan, a danne sauran. Sau da yawa zanen da a da ba a ganin kome a cikinsa sai ga girgiza ta fito fili. Amma rariya tana da nata lahani: tana iya gusar da farkon girgizar gaba ko baya kaɗan, tana iya zubar da tsaba tare da dusa. Saboda haka gwanaye su kan ajiye zanen asali kusa da wanda aka tace, su riƙa gwada su.

Akwai kuma transfer, wanda ya fi sauran wuya. Kowace na'ura tana sauya abin da ta ji, kamar yadda lasifika ta kan sauya muryar mai shela. Lambobin da ta aiko ba mita ba ne, ba santimita ba, ƙidayarta ce ta kanta. Sai an kawo takardar halin wannan na'ura, an cire shi ta hanyar lissafi, kana a san ainihin yadda ƙasa ta motsa. Wanda ya auna ƙarfin girgiza bai yi wannan ba, ya auna na'ura ne, bai auna ƙasa ba.

Mai doki da mai jaki

Yanzu an iso zuciyar aikin. In dutse ya ɓalle a ƙarƙashin ƙasa, igiyoyin motsi iri biyu su ke tashi lokaci guda su ratsa cikinta. Ta fari, wadda a ke kira P, turawa ta ke yi tana ja, tana cin misalin kilomita shida cikin sakan a ɓawon ƙasa. Ta biyu, S, girgiza ta ke yi gefe da gefe, tana cin misalin uku da rabi, ita ce kuma ta fi rushe gini. A ɗauka mai doki da mai jaki sun fita ƙofar gari tare. A zango na kusa ratarsu kaɗan ce, a na nesa kuwa mai doki ya daɗe da sauka kafin a hango mai jaki. Wanda ya san saurin kowannensu, in ya ga ratar isowarsu, ya san nisan garin da suka fito.

Ƙa'idar da a ke koya wa ɗalibi ita ce, ga girgizar kusa, a ƙidaya sakan nawa ne tsakanin P da S, a ninka da takwas, a sami nisan a kilomita. Girgizar da ta tashi a Xinfengjiang, P za ta iso Guangzhou cikin ƙasa da rabin minti, S ta biyo bayan misalin sakan 20. Ashirin sau takwas, 160. Tasha guda nisa kaɗai ta ke bayarwa, watau da'ira a kan taswira. In an sami tasha uku aka zana da'ira uku, inda suka haɗu nan ne wurin.

Umarnin wannan aiki shi ne ppk. Zanen ya buɗe, ɗalibi ya kai alama daidai inda layin ya fara tashi ya danna harafin p, ya kai inda rawar ta sāke ƙaruwa ya danna s. Manhajar ta riƙe lokutan biyu cikin goshi, shi kuma ya adana su da writehdr, in ba haka ba yana fita sun tafi. A nan ne ido da haƙuri su ke aiki. Kuskuren sakan ɗaya a wannan alama kilomita takwas ne a ƙasa. A wuri kamar Xinfengjiang, kilomita takwas shi ne bambanci tsakanin girgizar da ta tashi a gindin madatsa da wadda ta tashi can cikin duwatsu.

Gargaɗi guda ya rage. Akwai umarnin write over, wanda ke rubuta abin da aka gyara a kan fayil na asali. Wanda ya tace ya kuma yi haka, asalin ya tafi ke nan, ba a mai da gari tsaba. Shi ya sa doka ta fari a ɗakin bincike ita ce a yi kwafe da cp, a yi aiki a kan kwafen.

Daga fayil ɗaya zuwa dubu

Bayan ɗalibi ya saba, sai ya tattara umarnin nan duka, daga read har zuwa write, ya jera su cikin takarda guda a kwamfuta, ya ce ta bi jerin a kan kowane fayil da ke ɗakin. Aikin da zai ci wa mutum wata guda sai ya ƙare kafin shayi ya huce. Takardar nan kuma ita ce shaidarsa. In malami ya ga sakamakon da bai gamsu da shi ba, zai buɗe ta ya bi layi layi har ya ga inda aka kauce, a gyara harafi guda a sāke tafiyar da aikin duka. Amma kuskuren da ke cikin jerin shi ma sau dubu za a maimaita shi, don haka a kan gwada a kan fayil biyu ko uku, a duba da ido, kafin a saki sauran.

SAC ba ita kaɗai ba ce. Tashoshi su kan ajiye rubutunsu cikin wani tsari da a ke kira SEED, wanda aka amince da shi a 1987, ko ƙaraminsa miniSEED, sai an juya shi kafin a yi aikin da aka bayyana. Domin zanen taswira akwai GMT, wadda Paul Wessel da Walter Smith suka fara a 1988 suna ɗalibai a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, ita ma da rubutaccen umarni a ke aiki da ita. Akwai ObsPy, wadda aka fara a birnin Munich na Jamus da harshen kwamfuta na Python. Hukumar Guangdong kuma ta tsara tata manhajar, JOPENS, mai karɓar saƙon tashoshi ta nemo wurin girgiza nan take, cibiyoyin larduna da yawa na ƙasar Sin sun yi aiki da ita. Amma ko inda kwamfuta ta ke sa alamar P da kanta, ma'aikaci ne ya ke dubawa ya tabbatar kafin a shigar da ita littafi, ma'aikacin kuwa da irin darasin nan ya fara.

Abin da ya shafi Afirka ta Yamma

Kada mai sauraro ya ce wannan maganar mutanen nesa ce. A watan Yuni na 1939 girgiza ta yi ɓarna a Ankara, babban birnin Gana na yanzu. A watan Disamba na 1983 wata ta hallaka mutane ɗaruruwa a arewa maso yammacin Gini. A watan Satumba na 2016 mutanen Kwoi, a jihar Kaduna, sun ji ƙasa ta motsa har gine-gine suka tsage, a Satumba na 2018 kuma aka ji irin haka a Mpape, kusa da Abuja. Nijeriya tana da cibiyar binciken motsin ƙasa a Toro, cikin jihar Bauchi, wadda aka ɗora wa kula da tashoshin awo na ƙasar. Ƙasa ce kuma mai manyan madatsun ruwa, irin su Kainji da Shiroro da Tiga. Ba kowace madatsa ke tada girgiza ba, kaɗan ne ƙwarai cikin dubban da ke duniya suka yi haka, amma ba a sanin halin wuri sai an saurare shi shekara da shekaru.

Kayan koyon kuwa ba su da tsada. Linux kyauta ne, GMT da ObsPy kyauta ne, rubutun tashoshi masu yawa na duniya a buɗe ya ke ga duk mai intanet. Ɗalibin kimiyyar ƙasa a Zariya ko Yamai, in yana da ƙaramar kwamfuta, zai iya ɗauko rubutun girgizar da ta auku a wata nahiya, ya karanta goshinsa, ya tace shi, ya sa alamar P da S, ya gwada amsarsa da ta manyan cibiyoyi. Malaman wannan fanni su kan shawarci mai farawa ya ɗauki girgiza guda wadda an riga an san wurinta, ya bi ta da hannu tasha bayan tasha har sai lissafinsa ya dace da na littafi, sa'an nan ya ɗauki ta biyu.

Iyakar jawabin wannan mako ke nan.